Maraɗi: Kasuwa Ta Cika, Masana'anta Ta Yi Shiru

Duk wanda ya ce Maraɗi ce cibiyar kasuwancin Nijar bai yi ƙarya ba. Manyan motoci na sauke kaya dare da rana, 'yan canji na zaune da damman naira da sefa, akwai kuma Alhazan da in suka ɗaga waya a nan sai an ji motsinta a Kwatano da Lome da Dubai. Amma mai karatu ya daure ya zaga shagunan birnin, ya riƙa ɗaga kaya yana duba inda aka yi su. Taliya, sabulu, atamfa, man girki, batir, ashana: wannan daga Kano, wancan daga Legas, ko Abijan, ko Sin, ko Malesiya. In aka cire burodi da ruwan leda da 'yan katifu da robobi, da abin da maƙera da masu walda da teloli ke fitarwa da ƙarfin hannunsu, abin da Maraɗi ke ƙerawa bai taka kara ya karya ba. A ganina ba lalaci ne ya jawo haka ba, kuma jari bai yi ƙaranci ba. Mazaunin birnin ne ya koya wa masu kuɗinsa cewa riba tana cikin wucewar kaya, sarrafa su kuwa wahala ce. Wanda ke biyan kuɗin wannan karatu shi ne manomin Sae Sabuwa da Agiye da Gazawa da Gidan Rumji.

A fara da gulbin. Wanda ya ji an ce birnin bakin kogi, sai ya zaci irin Yamai ko Gaya ko Lakwaja, inda ruwa ke gudu rani da damina. Gulbin Maraɗi ba haka yake ba. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, inda ake ce masa Gada, ya shigo Nijar ta kudancin Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya ratsa ta yammacin birnin Maraɗi, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya lanƙwasa ya koma Nijeriya ya faɗa cikin Rima a ƙasar Sakkwato. Ruwansa na 'yan watannin damina ne. Da rani yara ke ƙwallo cikin yashinsa. Bai taɓa ɗaukar jirgin kaya ba, ba zai kuma juya injin lantarki ba. Abin da ya bayar shi ne fadama: laka mai riƙe danshi, ruwan ƙasa da ake cimma da gajeriyar rijiya, da kuma, a zamanin da, kurmi mai duhu wanda doki ba ya ratsawa a guje.

Wannan kurmin ne ya ɗaukaka garin. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan da aka kora suka yi ta neman wurin tsayawa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa ma suka zo suka kafa Tsibiri a bakin gulbin bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Har gobe sarautar Maraɗi da sunan Katsina ake kiranta. Ruwan garin daga kudu yake zuwa, sarautarsa daga kudu ta zo, dangin mutanensa suna kudu. Da Faransa da Ingila suka ja layinsu, sai Maraɗi ta faɗo ɓangaren Faransa, Katsina ta zauna ɓangaren Ingila, amma tazarar ba ta canza ba: Yamai na nesa da fiye da kilomita 600, Katsina kuwa ba ta kai kilomita 100 ba ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Duk wani lissafin tattalin arzikin Maraɗi da ya manta da wannan, lissafin dokin rano ne.

A 1945 gulbin ya nuna ɗayar fuskarsa. Ambaliya ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, Turawan mulki suka hau da mutane kan tudu, suka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, irin waɗanda ake gani har yau. Birnin ya juya wa gulbi baya ya fuskanci hanyar mota. Kuma a daidai lokacin ne gyaɗa ta zama sarauniya.

Zamanin gyaɗa shi ne zamanin da Maraɗi ta fi kusa da zama garin masana'antu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna ba dillalai kuɗi, dillalai su bazu ƙauyuka da ma'auni, jakuna da raƙuma su kawo buhuna. Da farko ta Kano gyaɗar ke fita, ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas. A shekarun 1950 Faransa ta shirya karkatar da ita ta Dahome, zuwa Paraku da Kwatano, don kada kuɗin dako ya tafi aljihun Ingila. Bayan 'yanci aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin. A tsakiyar shekarun 1960 babu abin da ke shigo wa Nijar da kuɗin waje kamar gyaɗa. A kan wannan gindin aka dasa injuna: matsar man gyaɗa ta SICONIGER, wadda ke nan tun shekarun 1940, da injin gurzar auduga, daga baya kuma majemar zamani ta SONITAN, da UNIMO mai yin katifa, da FABMETAL mai kayan ƙarfe, da ma'aikatar bulo a Jiratawa. Dattawan da suka yi aiki a wuraren nan suna nan da ransu, kuma sun san abin da ake nufi da albashin ƙarshen wata daga hannun masana'anta.

Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. Fari na 1973 da 1974 ya sa manomi ya koma ga hatsin da zai ci, cutar da ɗarɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗar 1975, hankalin gwamnati kuma ya koma kan yuraniyom na Arlit. Injin matsar mai ya wayi gari ba abin da zai matsa. Na Matamaye da Magarya ma haka. Farin 1984 ya ƙarasa abin da ya rage, SONARA ta mutu a ƙarshen shekarun 1980, majemar ta rufe. Gidan man Maraɗi ya sake tashi daga baya da sunan Olga Oil, sai dai ya tarar da kasuwar da man ja na Asiya da na Kodebuwa ya riga ya mamaye.

To amma fari kaɗai ba ya bayyana komai, tunda ruwa ya dawo, gyaɗa ma ta dawo gonaki, yawancin injunan ne ba su dawo ba. A nan ne maganar iyaka ke shigowa. Tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, da hanyoyin kudancin Nijeriya suka rikice, 'yan kasuwar Maraɗi suka gane cewa akwai arziki a cikin cike giɓin maƙwabciya. Daga nan aka shiga zamanin kayan wucewa: a sauke taba sigari, ko atamfa, ko shinkafa, ko gwanjo a tashar Kwatano ko Lome, a biya kuɗin duwan na wucewa a Nijar, a tara su a sito a Maraɗi, sa'annan su san yadda za su tsallaka cikin Nijeriya, inda aka hana shigo da su ko aka lafta musu haraji. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan Alhazan Maraɗi a 1986, kuma wannan ciniki ne ƙashin bayan labarin. Maraɗi ta zama zaure: kowa na bi ta cikinsa, amma ba a nan ake girki ba.

Ban ga laifin Alhaji ba in ya zaɓi haka, domin lissafinsa daidai ne. Kuɗin da ya zuba a tirelar kaya yana dawowa da ribarsa cikin makonni, ya sake juya shi. In hanya ta ɓaci, ya canza kaya ko ya canza hanya. Kuɗin da ya zuba a injin kuwa ya kafe wuri guda shekara da shekaru. Ga ma'aikata da za a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ga jami'in haraji da ya san ƙofar masana'anta alhali bai san adadin buhunan da ke sito ba, ga kayan gyara da sai an aika Turai. Wanda ya tashi cikin fatauci, ya gaji amana da bashin baki da yaran gida masu kai saƙo har Legas, me zai kai shi wannan ɗaurin? Saboda haka ribar fatauci ta tafi ga motocin dako, da gidaje, da filaye, da gonaki, da masallatai da kujerun Makka. Wasu daga cikin waɗannan alheri ne, amma ba su ɗaukar matasa ɗari biyar aiki.

Akwai wani abin takaici a gefe. Atamfar Asiya da ta riƙa bi ta Maraɗi tana sauka Kantin Kwari a Kano tana cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, tare da rashin wuta da sauran cututtukansu na gida. Wato cinikin da ya hana Maraɗi gina nata injuna ya taimaka wajen kashe na 'yan'uwanta. Ƙasar Hausa ce ta yi asara gaba da baya, masu masaƙa a Sin suka kwashe riba.

Sai maganar kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun gyaran tattalin arzikin 1986 take zamewa, ta sake yin mummunar faɗuwa bayan an sake ta a 2023. Duk ranar da naira ta faɗi, bokitin Kano da sabulun Legas sun ƙara araha a Maraɗi ba tare da mai su ya rage ko kwabo ba. Rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ɗan sassauta abin na wani lokaci, sa'annan aka koma gidan jiya. Mai masana'anta a Maraɗi yana gasa da mai kasuwar mutum fiye da miliyan 200, shi kuwa tasa kasuwar ba ta kai miliyan 30 ba, yawancinsu kuma talakawa. In ya ce zai sayar a Nijeriya, ƙofar ba a hannunsa take ba: an rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023.

Wutar lantarki ma ta kudu take zuwa. Babban layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso, ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu gabas da yamma. Da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 saboda takunkumin ECOWAS, kowa ya gani da idonsa: mai walda na zaune, mai ƙanƙara na kallon jarinsa na narkewa, mai injin niƙa ya koma gazuwal ya ƙara kuɗi. Sai a Maris na 2024 aka maido. Babu mai hankalin da zai sa miliyoyinsa a injin da wata gwamnati, a wata ƙasa, za ta iya kashewa da umarni ɗaya.

Yanzu a bar birnin a fita ƙauye, domin a can ne amsar take. Sae Sabuwa, a gundumar Gidan Rumji, ba ta da nisa da Maraɗi, amma ba ta cikin fadama. Jigawa ce, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Jihar Maraɗi na da mutum kimanin miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, birnin kansa kimanin 267,000, kuma yawancin jama'ar a wannan kudancin suke cunkushe, inda gonar gado ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta. Daga nan zuwa Cadawa da Agiye da Gazawa, amfanin da ke kawo kuɗi a hannu yanzu shi ne aya. Wanda bai ga haƙar aya ba bai san tsadarta ba. Sai ganyen ya bushe a banka masa wuta, a tona ƙasar, a kwashe ta a zuba a rariya, a yi ta girgiza har ƙasa ta zube aya ta rage, sa'annan a sheƙe, a tsince tsakuwa. Mata da yara ke wuni cikin wannan ƙurar, su tashi fari fat, gashin ido ma ya canza launi, tari kuma ya bi su gida. Ayar tana cin ƙasa, sai da taki. Bayan duk wannan, a auna ta da tiya a lokacin kaka, lokacin da farashi ke ƙasa kuma mai bashin taki ke tsaye a bakin ƙofa.

Ina take zuwa? Nijeriya, inda ake kunun aya a kowane lungu, da kuma Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin abin shansu na gargajiya da ita, ake kuma niƙa ta gari ana sayar wa masu gudun alkama a Turai da tsada. Wankewa, busarwa, rarrabewa bisa girma, niƙawa, ɗurawa a leda mai suna: kowane mataki kuɗi ne, kuma mafi yawansu a wata ƙasa ake yi. Babu ɗayansu da ya fi ƙarfin Maraɗi. Riɗi ma haka yake fita, da ƙasarsa da tsakuwarsa, wani ya tace ya ci ladan.

Masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba a wannan yanki tana cikin gidaje. Mace ta sayi tiyoyin gyaɗa ranar kasuwa, ta soya, ta murje ɓawon, ta kai injin markaɗe, ta dawo ta zuba tunkuza a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta kwashe a kwalabe, ta mulmula sauran ta soya ƙuli-ƙuli. Ba ta da rajista, ba ta da bashin banki, jarinta daga adashi yake ko daga akuyar da ta sayar. Fari bai kashe sana'arta ba, rufe iyaka bai kashe ta ba. Haka masu saƙar tabarma da igiya da kabar goruba a kwarin Gulbin Kaba, ta ƙasar Gazawa da Tasawa da Mayahi. Haka masu narka tsohon ƙarfe su fitar da tukwanen dalma, da masu ƙera garmar shanu da amalanke. Shekara sittin ana tsara masana'antu a takarda ana tsallake waɗannan mutane, alhali su ne suka tabbatar suna iya rayuwa a wannan mazauni. Ƙaramin injin matsa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da wurin auna tsabtar mai don a iya sa masa suna a kai shi kanti, sun fi musu amfani da taron bita na kwana uku a otal.

Fata kuwa abin kunya ce a gare mu. Jar akuyar Maraɗi sananniya ce a duniyar masu jima saboda laushi da ƙarfin fatarta, har akwai cibiyar kiwonta a Maraɗi tun shekarun 1960. Majemanmu na gargajiya suna nan da toka da bagaruwarsu, dukawa na ɗinka jaka da takalmi, amma yawancin fatun ɗanyu suke tsallakawa zuwa majemun Sharaɗa da Calawa a Kano, daga can su wuce Italiya da Sifen. Ƙirgin shanu ma wani sa'in bai kai ga majemi ba, masu ganda sun riga shi.

Sai dai jima sana'a ce mai shan ruwa mai kuma ɓata shi, kuma wannan ya dawo da mu ga gulbi. A ƙarshen shekarun 1980 Nijeriya ta gina madatsar Jibiya a kan Gada, tun daga nan malalar da ke shayar da fadamar Maraɗi ta ragu. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan, amma manomin fadama ya fi sanin abin da ke isowa gonarsa. Noman rani na Jiratawa, inda zogale ya yi suna, da famfo ake jawo ruwansa daga ƙasa, kuma daga wannan ruwan ƙasan birnin ke sha. Ta ɗaya gefen, ruwan saman da ke gangarowa daga tudu yana yanka kwazazzabai a unguwanni, kamar yadda aka gani a ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka. Duk masana'antar da za a kafa dole a san inda za ta sha da inda za ta zubar tun kafin a aza tubali. Kano ta bari majemu sun lalata kogin Calawa. Ba dole ne mu maimaita ba.

Wani zai ce, a bar Maraɗi da abin da ta iya mana, ai fatauci ma arziki ne, Dubai da me ta fara? Amsata ita ce fataucin wucewa ya dogara ne da dokokin wasu: haramcin Abuja, tashar Kwatano, farashin naira. Ga shi a 2023 hanyar Benin ta toshe, kayan Lome sai sun zagayo ta Burkina Faso da rakiyar soja, 'yan bindiga kuma sun addabi ƙauyukan bakin iyaka a Madarunfa da Gidan Rumji. Ribar wucewa tana taruwa a hannun mutane ƙalilan, matasan Sae Sabuwa kuwa suna ci-rani a Kano da Legas, ko Libiya, ko ramukan zinariya na Jado.

Ga kuma jirgin ƙasa tafe. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Katsina da Jibiya har Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2. Ana ta murna, kuma da dalili. Amma jirgi ba ya zaɓen abin da zai ɗauka. Da dogo ya isa Kano a 1911, dalar gyaɗa ya haifar, ɗanyen kaya ya riƙa kwasa zuwa teku. In ya iso Maraɗi ya tarar da ita yadda take yau, zai sauƙaƙa shigowar kayan Kano da Legas, ya sauƙaƙa fitar aya da riɗi da fata ɗanyu, ɗan abin da ya rage na ƙira a gida kuma ya ƙara shan matsi.

Saboda haka ban ga hikimar sake gwada yin abin da Kano ke yi da araha ba. An gwada a shekarun 1970, an ga ƙarshensa. Abin da Maraɗi ta fi kowa shi ne kusanci da gonar aya da riɗi da gyaɗa da garken jar akuya, a nan ya kamata injinta ya tsaya. Wannan na buƙatar wutar da jihar ke samarwa da kanta, ko ta rana ko ta man Damagaram, wadda ba a kashe ta daga waje. Yana buƙatar haraji mai sauƙi ga wanda ya sarrafa kafin ya fitar, mai nauyi ga wanda ya fitar ɗanye. Yana buƙatar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su fito da masu gyaran inji da masu auna ingancin abinci, ba masu jiran aikin gwamnati kaɗai ba.

Kirana ga Alhazan Maraɗi da majalisar 'yan kasuwa da mahukuntan jiha shi ne su zauna tun kafin a ji kukan jirgi, su zaɓi amfani ɗaya, ko aya ko riɗi, su haɗa jari su kafa wurin wanke shi da niƙa shi da ɗura shi a kan hanyar Maraɗi zuwa Cadawa, su kuma ƙulla yarjejeniyar farashi da ƙungiyoyin manoman Sae Sabuwa da Agiye da Gazawa tun kafin shuka. Kuɗin tirela goma na shinkafar waje ya isa a fara.